Hannu Bayan Aikin Sankarar Mama: Kada Mu Kashe Shi Da Gata

Jawabin da kwamitin lafiya na ƙungiyarmu ya gabatar a taron iyalai da aka yi a Idi-Araba, Legas

Mun san an zauna tun da hantsi, ga zafi, ga masu son komawa kasuwa, saboda haka ba za mu yi ta kewaye-kewaye ba.

Abin da ya sa muka zaɓi wannan magana shi ne abin da ya faru da wata 'yar'uwarmu daga Dagauda, wadda ta sauka a gidan yayanta a nan unguwar bara. Ba za mu faɗi sunanta ba, amma da izininta muke ba da labarin. Mace ce 'yar shekara arba'in da 'yan kai, siririya, uwar 'ya'ya shida. An gano tana da sankarar mama, wato ciwon dajin nono, aka fara yi mata ƙarin ruwan maganin nan da ake kira kemo, sannan aka yi mata aiki a can gida aka cire nonon dama tare da kaluluwar hammata. Daga nan likitanta ya ce saura gashi da na'ura. Da yake tana da masauki a nan, ga kuma cibiyar sankara ta asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, wadda aka buɗe a 2019, a bayan katangarmu, sai aka haɗa kuɗin mota aka kawo ta, mako bakwai bayan aiki.

Ranar da za a auna ta don tsara gashin, sai aka ce ta kwanta rigingine ta ɗaga hannu sama da kanta, domin haka ake kwanciya a na'urar, kullum, har a gama. Jama'a, hannun nan ya ƙi wuce kafaɗa. Ta yi, ta yi, har da hawaye. Da aka duba hammatarta sai ga wani abu kamar tsirkiyar baka, ya taso daga hammata ya bi ta cikin damtse har gwiwar hannu. Dole aka ɗaga ranar, aka tura ta wajen masu motsa gaɓɓai tukuna. Mako uku ta yi kafin hannun ya yarda. Mako uku ba wasa ba ne ga mai sankara, kuma ba wasa ba ne ga aljihun mai masauki.

Da muka zauna da ita muka tambayi yadda aka yi jinyarta a Dagauda, sai muka ga babu wanda ya yi mata mugunta. Gata ne ya yi yawa. Tun ranar da aka sallame ta aka rataye mata hannun da gyale a ƙirji kamar mai karaya. Abokiyar zamanta ta karɓe girki, 'ya'yanta mata suka karɓe wanki da shara, ko ɗankwali ɗaura mata ake yi. In ta miƙa hannu za ta ɗauki moɗa sai a ce, "A'a, Yaya, bari a miƙo miki, kada ɗinki ya warware." Da tsirkiyar ta bayyana a mako na uku kuwa, sai gida ya rikice. Wasu suka ce ciwon ne ya dawo ya yi saiwa, wasu suka ce a nemi tsari, har aka kira wanzami ya sa ƙaho. Allah Ya yi wa wanzamin nan albarka, da ya duba sai ya ce wannan aikin asibiti ne, shi ba zai sa aska a wurin ba.

To, mene ne wannan tsirkiya? A jikin ɗan Adam, ban da hanyoyin jini, akwai waɗansu siraran hanyoyi masu ɗauke da wani farin ruwa, suna kwaso shi daga hannu da nono su bi da shi ta kaluluwar hammata, inda ake tace shi. Kowa ya san kaluluwa, ita ce ke kumbura wa mutum in ya yi ƙurji a yatsa. Da yake ta nan sankarar mama ta fi saurin bi in za ta yaɗu, likita yakan cire wasu daga cikinsu, ko ya kwashe da yawa. Hanyoyin da aka datse sukan toshe su yi tauri, naman da ke kewaye da su ya manne musu, sai su zama kamar igiya a ƙarƙashin fata. Wani lokaci guda ɗaya ce, wani lokaci biyu ko uku. Takan tsaya a damtse, takan wuce gwiwar hannu, a wasu matan har wuyan hannu kusa da babban yatsa. In hannu yana ƙasa ba a cika ganinta ba, sai an ɗaga shi gefe take fitowa ta ɗame, da ciwo kamar ana jan jijiya. Likitoci suna ce mata kodin, ma'ana igiya, ku riƙe kalmar don gaba.

Ba tsohon sani ba ne ko a ƙasashen Turawa. A shekarar 2001 ne wasu likitocin tiyata na Jami'ar Washinton da ke birnin Siyatil a Amurka suka yi mata cikakken bayani suka raɗa mata suna, bayan sun duba bayanan mutum 750 da aka yi wa aikin hammata suka same ta a 44. Binciken da ya biyo baya, inda aka riƙa duba matan da gangan ana neman ta, ya nuna ta fi haka yawa nesa ba kusa ba. Ta fi fitowa tsakanin mako 2 zuwa 8 bayan aiki, ko da yake takan makara ta zo bayan watanni. Ta fi kama waɗanda aka kwashe musu kaluluwa da yawa, da masu ƙarancin shekaru, da marasa jiki. Nan ne abin ya shafe mu ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kimanin miliyan 2 da dubu 300 ne aka gano suna da wannan ciwo a duniya, sama da dubu 30 daga cikinsu a Nijeriya. Mu kuma mun san halinmu, matanmu ba su zuwa asibiti sai ciwo ya yi nisa, an gama shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. In ya yi nisa kuwa, babban aiki ake yi, a kwashe hammata. Kun ga ke nan tsirkiya da sagewar kafaɗa sun fi jiran 'yar Dagauda bisa ga Baturiyar da aka gano nata tun yana kamar ƙwayar gyaɗa.

Abu na farko da muke so kowa ya koma gida da shi: tsirkiyar nan ita kanta ba sankara ba ce, ba kuma alamar ciwon ya dawo ba ce. A nuna wa likita ya tabbatar, wannan wajibi ne, amma kada a tayar wa mara lafiya da hankali. Ga mafi yawan mata takan saki cikin kamar wata uku. Sai dai kafaɗar da aka ƙi motsawa saboda tsoron tsirkiyar, ita ce ke iya sandarewa ta daɗe, har mace ta shekara ba ta iya tsefe kanta ko ta ɗaga hannu sosai wajen kabbara.

A da, har a asibiti akan ce a lallaɓa hannun, kada a taɓa komai da shi. Yanzu an bar wannan ra'ayi. A 2021 an buga sakamakon wani gwaji da Jami'ar Warik ta jagoranta a Ingila, a kan mata 392 da aka yi wa aikin sankarar mama. Aka raba su biyu, rabi aka haɗa su da masu motsa gaɓɓai suka fara atisaye kwana 7 zuwa 10 bayan aiki, rabi aka ba su takardar bayani kawai. Bayan shekara guda, waɗanda suka yi atisayen sun fi amfani da hannunsu, sun fi ƙarancin ciwo, kuma ba a ga ƙarin matsalar miki ko kumburi a cikinsu ba. Wato dai tsoron da muke ji na warwarewar ɗinki, in an bi ƙa'ida, bai kai tsoron sagewa ba.

Bari mu tsaya a nan mu warware wani ruɗani. Hausa ta tara abu biyu a kalma ɗaya. Akwai gashi da na'ura, wanda ake haska wa wurin ciwon don kashe ragowar sankara, akwai kuma sashen da muka saba kira gashin ƙashi, wato masu motsa gaɓɓai, fisiyo. Mun ga wadda aka ce ta je fisiyo ta ce ai an riga an yi mata gashi. Ba ɗaya ba ne, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Yanzu ga yadda ake yi, amma da sharaɗi: maganar likitan da ya yi aikin tana gaba da tamu, domin shi ya san abin da ya yanka, musamman in an yi dashen fata ko an sake gina nonon.

A makon farko, lokacin da robar da ke tsiyayar da ruwa take jiki, motsin kaɗan ne. Ta riƙa dunƙule hannu tana buɗewa, ko ta matsa lemon tsami ko dunƙulen tsumma. Ta juya wuyan hannu, ta lanƙwasa gwiwar hannu ta miƙe. Ta ɗaga kafaɗunta zuwa kunne ta sake, ta juya su baya a hankali, tana jan numfashi mai zurfi. Ta ci abinci da hannunta, ta wanke fuskarta da kanta. Abin da aka hana a wannan mako shi ne ɗaga hannu ya wuce daidai kafaɗa. In za ta kwanta a tokara hannun da matashi. Rataya da gyale kuwa babu ita, sai in likita ne ya ce.

In an cire robar, likita ya ba da izini, sai a shiga na gaba, kuma ba ya buƙatar kayan da babu a Dagauda. Ta fuskanci bangon ɗaki, ta ɗora tafukan hannu biyu, ta riƙa hawa da yatsu kamar tafiyar gizo-gizo har inda ta ji ja, ta tsaya nan ta yi numfashi biyar, sannan ta sauko a hankali. A sa alama da gawayi a inda ta kai. Wannan alamar tana da amfani fiye da yadda kuke zato, domin mace takan ji kamar ba ta ci gaba, sai ta ga zanen makon jiya yana ƙasa da na yau. Sai ta juya gefe ta yi wa bangon haka da hannun da aka yi wa aikin, wannan ne ya fi taɓa tsirkiyar. Sannan ta kwanta rigingine a tabarma, ta riƙe muciya ko sanda da hannu biyu, mai lafiyar ya ja marar lafiyar zuwa sama da kai. Daga kwancen kuma ta sa hannuwa a ƙeya ta riƙa buɗe gwiwoyin hannu zuwa ƙasa, wanda shi ne kusan kwanciyar da za a nema a wajen na'ura. Kowanne sau biyar zuwa goma, sau uku a yini. Mu mukan ce a haɗa shi da bayan Asuba, bayan La'asar da bayan Isha, don kada a manta.

Ma'aunin shi ne: jin ja da ɗan zogi ba laifi, amma ciwo mai suka kamar wuƙa alama ce ta a dakata. Ba a fizga, ba a yi da gasa. In ciwo ya hana, a sha maganin da likita ya rubuta kamar rabin awa kafin a fara. Wani lokaci ana cikin miƙewa sai a ji ɗas, kamar zare ya tsinke, hannu ya ƙara sakewa nan take. Tsirkiyar ce ta saki, yawanci ba abin tsoro ba ne. Amma don Allah kada wani ya ce zai tsinka ta da ƙarfi, ko a kai wa mai ɗori ya ja. Masu fisiyo suna da yadda suke murza ta da yatsu a hankali suna miƙar da fatar, kuma sukan koya wa ɗan'uwa ya riƙa yi a gida.

Sai maganar ruwan zafi, mu da muka gaji wankan jego. Wanka da ruwa mai ɗumi kafin atisaye yana sassauta jiki, muna so. Amma a lura: a wajen aikin hammata akan taɓa wata jijiyar ji, sai bayan damtse da hammata su yi dindiris, mace ba ta jin zafi a wurin yadda ya kamata. In aka ɗora tawul daga tafasasshen ruwa, ko aka kanga hannun a garwashi, za ta iya ƙonewa ba ta sani ba, ƙuna kuwa a wannan hannu babbar matsala ce. A gwada ɗumin da ɗaya hannun tukuna. In mikin ya warke sarai, ɓawo ya faɗi, ana iya murza tabon a hankali da man kaɗanya don kada ya manne wa haƙarƙari. Lokacin gashi da na'ura dai kada a shafa komai sai an tambayi ma'aikatan wurin. Kuma kada a daina atisaye don an gama gashin, domin shi kansa yana sa nama ya ɗaure bayan watanni. A ci gaba ko sau ɗaya ne a rana, har shekara da fiye.

Matan gida za su tambaya, yaushe za ta koma daka da jan ruwa? Ƙananan ayyuka kamar tsince shinkafa, tankaɗe, ninke kaya, ɓarar gyaɗa, tun da wuri ma ana so ta yi. Masu nauyi, irin su taɓarya, guga, tuƙin tuwon gidan mutum ashirin, ɗaukar tulu ko saɓa yaro a wannan kafaɗa, a jira mako 4 zuwa 6 ko yadda likita ya ce, sannan a dawo musu kaɗan-kaɗan. Ba a ce ta bar su har abada ba. A 2009 wani bincike a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka, a kan mata 141 waɗanda hannunsu ya riga ya kumbura, ya nuna ɗaga nauyi da aka fara da kaɗan ana ƙarawa sannu a hankali bai ƙara musu kumburi ba, ya ma rage musu tashin ciwon. Abin gudu shi ne a kwana wata uku ba a taɓa komai ba, ranar suna ko biki a tashi a daka kwano goma.

Tunda mun ambaci kumburi, shi daban ne da tsirkiya, ko da yake uwarsu ɗaya. In farin ruwan nan ya rasa hanya sai ya taru, hannu ya yi nauyi, zobe ko awarwaro ya matse, hannun riga ya ƙi shiga. Kamar mace ɗaya cikin biyar da aka kwashe wa kaluluwar hammata takan gamu da shi, wani lokaci bayan shekaru. Shi ba ya tafiya da kansa kamar tsirkiya, amma in an tare shi da wuri ana shawo kansa da safar hannu mai matsewa da irin tausar da aka koya. A samu tef ɗin tela a riƙa auna hannu biyu a wuri ɗaya sau ɗaya a wata, in bambanci ya kai santimita 2 a je asibiti. Wannan hannu kuma ba a yi masa tsaga, ba ƙaho, ba sakiya, domin masu tsaron da ke tare ƙwayoyin cuta a hammata an rage su. Ko ƙaya ce ta soke ta a gona, ko wuƙa wajen yanka kuɓewa, a wanke da sabulu a rufe. In za a yi allura ko ɗibar jini ko awon hawan jini, a miƙa ɗaya hannun in da hali.

Akwai kuma abubuwan da ba a kwana da su. In hannu ko ƙirji ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi da rawar ɗari, kada a ce maleriya ce a sayi magani a kemis, a tafi asibiti a ranar. Haka in hannu ya kumbura farat ɗaya ya canza launi, ko numfashi ya yi wuya, ko miki ya buɗe yana ruwa mai wari, ko aka ji wani sabon ƙullutu mai tauri a tabon ko hammata ko saman ƙashin wuya. Ruwa kuma yakan taru a ƙarƙashin ɗinkin ya yi luhu-luhu, shi ma likita ne ke zuƙe shi da sirinji, ba a huda shi a gida.

Mun san abin da wasu ke faɗa a zuci: wannan duk maganar birni ce, ina mai fisiyo a Dagauda? Gaskiya ne sai an yi tafiya. Akwai su a babban asibitin tarayya da ke Azare, da asibitin koyarwa na Bauchi, da na Malam Aminu Kano. Amma ba kullum ake bukatar zuwa ba. Zuwa biyu ko uku, a tafi da 'ya ko ƙanwa mai wayo ta kalla ta koya, ya fi zaman wata uku ana jiran ikon Allah da hannu a rataye. Kafin a sallami mara lafiya, wanda ke jinya ya buɗe baki ya tambayi likita: yaushe za ta fara ɗaga hannu, kuma wa zai nuna mana? Likitocinmu aiki ya yi musu yawa, wani lokaci in ba a tambaya ba sai a wuce wurin. Mu kuma na nan, da muke aika kuɗin magani, mu riƙa tambaya a waya, "Hannun ya kai ina a bango?" Ko a ɗauko hoton zanen gawayin a turo ta WhatsApp.

Iyayenmu maza, ku yi haƙuri, da ku ma muke. Matar da aka cire wa nono takan ji kunyar jikinta, ta riƙa tafiya a duƙe tana rufe ƙirji da hannu, wannan duƙawar kuwa tana ƙara ɗaure kafaɗa. 'Yar'uwarmu ta gaya mana har ta zo Ikko maigidanta bai taɓa ganin tabon ba, ita ba ta nuna ba, shi bai tambaya ba, kowa yana jin nauyin kowa. Da ya zo duba ta, mai fisiyo ta sa shi ya riƙe mata muciyar da hannunsa. Ya yi ta noƙewa, daga baya ya saba.

Ta gama gashinta, ta koma Dagauda kafin kaka. Tsirkiyar ta ɓace, sai ɗan ja da take ji da sanyin safiya, kuma har yanzu tana zuwa Azare ganin likita. A watan jiya ta aiko mana da saƙon murya cewa ita ta shanya kayanta a igiya, ta kuma yi wa autarta kitso.

Bayan an tashi, mata su tsaya a ɗakin baya, ma'aikaciyar jinyarmu za ta nuna motsin nan ɗaya bayan ɗaya, mun zo da muciya biyu. Maza masu tambaya kuma su same mu a bakin ƙofa.